Hannun Hagu Biyu

A duk layin, da Mai Ɗinki aka san ta, amma a gidansu Auta ce, ko da yake ta haura arba'in. Shekara ashirin tana kan keken ɗinki ɗaya, a shagon da bai fi tabarma biyu ba, kuma ba ta san hutu ba. Ƙafa a kan keke, ido a ƙofa, allura a baki. Shayinta kullum sai ya huce.

Mutuniyar kirki ce, wannan babu musu. In mace ta ƙara ƙiba bayan awo, dariya take yi ta ɗora wa yadi laifi. Kowa tana yi masa uzuri, ban da kanta.

Wata Litinin ta ninke yadin wata malamar makaranta ba daidai ba, ta yanko wa rigar hannun hagu biyu. Malamar ta ce ba komai, ta ƙaro yadi, ta roƙi dai a gama kafin Alhamis, don da rigar za ta je taron ajiye aikinta. A wurin kowa magana ta wuce. A wurin Auta kuwa nan ta fara. Ta auna, ta zana da alli, ta goge. Ta ɗauki almakashi, ta ajiye. Ta share shago sau uku. Kwana biyu yadin yana shimfiɗe a tebur, ita kuma tana kewaya shi tana cin mutuncin kanta.

Ran Laraba da hantsi yayarta ta biyo ta layin, ta tsaya a bakin ƙofa ba a lura da ita ba.

"Daƙiƙiya," Auta ke faɗi. "Shekara ashirin a banza. Wa ma ya ce kin iya?"

"Ke da wa?" in ji Yaya.

"Ni kaɗai ce, Yaya."

Yaya ta ajiye jaka, ranta a ɓace. "To, ki kiyaye ni. Wadda kike zagin nan ƙanwata ce. Ni na goye ta, ni na yi mata tsifa tana ihu. Ko maƙwabta ban yarda su gaya mata haka ba, balle ke."

Auta ta so ta yi dariya, sai kuka ya riga ta. Ta ji tausayin kanta, abin da ta daɗe da manta yadda ake yi.

"Daga yau," in ji Yaya, "duk sanda zagi ya zo miki baki, ki tsaya, ki ja numfashi, ki kira ta da sunan da Mama ke kiran ta."

Halin shekara ashirin ba ya fita rana ɗaya. Har yau zagin yakan kuɓuce mata, sai ta dawo ta gyara. Amma a ranar dai ta ninke yadin, ta duba sau ɗaya, ta sa almakashi. Yankan ya ɗan kauce wa alli. Kalmar zagin ta taso har kan harshe. Yaya na kallo.

Auta ta ja numfashi.

"Sannu, Auta," ta ce a hankali. "Ɗinki zai cinye ɗan kuskuren."

Ta ci gaba da yanka.