Hancin Baba Makanike

Yau da hantsi a-kori-kurata ta ƙi tashi a Tarauni, ga matata durƙushe a zaure tana naƙuda. Warin fetur na bugun hancina, sai marigayi Baba makanike na Gyaɗi-Gyaɗi ya faɗo mini a rai.

Shekarar da soja suka miƙa mulki na kai masa motar, tana tari tana shaƙewa. Ya doke hannuna daga makulli. "Kai, bar azabtar da batir! Shinshina tukuna." Ya kwance fulogi ya kai hanci, ya gasa wanda fetur ya jiƙa a wuta, ya mayar, sai ta tashi.

Baba, yau na kwance fulogin duka, na shinshina, ban gane komai ba. Allah Ya haskaka kabarinka, ni kuma Ya tayar mini da motar nan.