Wanda Ya Riƙe wa Mutari Igiya

Mutari mai rijiya ɗan Birni ne, cikin Damagaram, amma rabin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa ya yi ta. Ubansa magini ne mai hawa soraye, shi kuwa ya ce jiri yake ji a sama, sai ya koma haƙa. Gajere ne kakkaura, ga ƙaramar murya, in yana magana sai ka matso. Ni Sallau na yi shekara tara ina aiki a ƙarƙashinsa, kuma har yau ban gama sanin ko gode masa zan yi ko ƙararsa zan kai wurin Allah ba.

Mu shida ne a ƙungiyarsa. Masu aikin taimako da ke zuwa a mota suna ce masa shef, wato shugaba da Faransanci, shi kuwa ya yi kamar da wani suke. Mu Maigida muke ce masa. Kullum da safe, kafin kowa ya ɗaura wando, yana zaune yana bin igiyar sauka da tafin hannunsa tun daga wannan baki har wancan, gaba arba'in, ko da jiya ya duba ta. Sai ya kunna fitila ya zura ta cikin rami, in ta mutu a ƙasa to iskar ba ta da kyau, ba mai shiga. Shi ke fara sauka. In an kawo buhun dawa shi ke ɗiba a ƙarshe, ya kwashe gindin buhu da tsakuwarsa. In ka yi laifi ba ya kunyata ka cikin mutane, sai ya ce, "Wane, zo ka taya ni duba igiya," ku zagaya bayan itace. Kowa ya san ba igiyar da za a duba. In ka dawo kunnuwanka na zafi, sai Bukar, abokin aikinmu mai bakin tsiya, ya tambaye ka ko igiyar lafiya.

Amma akwai wata ɗabi'a tasa da ban taɓa gani wurin kowa ba. Duk wanda ya yi wa faɗa jiya, shi zai miƙa wa igiyarsa yau. Mai igiya shi ne wanda ke zama bakin rijiya, igiyar naɗe da gungumen da aka gicciye, hannunsa a kanta tun saukar mutum har fitowarsa. In na ƙasa ya yi ja ɗaya, a ɗaga guga. Ja uku, a fito da ni. Kuma dokar Mutari ce, hannun da ya saukar da mutum shi ke fito da shi, ba a canji a tsakiya. Na taɓa ce masa miƙa igiya ga wanda ka yi wa faɗa ai wasa da rai ne. Ya ce shi ya sa yake auna maganarsa tun da yamma.

Daminar 1984 ta ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Da can in aka yi irin wannan, sai namiji ya ɗauki sandarsa ya nufi Kano cirani, to a shekarar an rufe iyakar Najeriya, jandarmomi nan, sojoji can. Da bazara aka kai mu wani ƙauye, Garin Gambo, tafiyar sa'a guda daga Zermu, mu ƙara zurfin tsohuwar rijiyarsu da ta ƙafe. Ladanmu jar dawar taimako ce, wadda tuwonta ke kwana a ciki kamar ka haɗiyi yumɓu. A gaba talatin muka tarar da dutse. Wanda ya san ƙasar Damagaram ya san dutsenta: ka wuni kana dukansa da guduma, ka fito da abin da bai cika guga biyu ba. Matan garin kuwa kullum suna zaune nesa kaɗan da tulunansu, kallo kawai.

Na gaji, gaskiya. Matata Tani da yara biyu suna gidan iyayenta a Birni, su ma ana auna musu da ludayi. Wana Suma'ila yana Kano, ya aiko cewa in na iso akwai aikin dako. Na sami labarin wani kamiyo, babbar motar kaya, da zai tashi daga kasuwar Zermu ran Laraba kafin rana ta take, zuwa Magariya, inda wani mai raƙumi ke ƙetarar da mutane ta daji, kuma an ce wannan ne zuwansa na ƙarshe. Na ƙulle kayana na ɓoye. Bukar kaɗai na gaya wa. Shirina shi ne in yi aikin zubar da ƙasa da safe, da hantsi in sulale.

Ran Talata hankalina yana Kano. Na jawo guga cike da ɓaraguzan dutse, na ajiye ta a gefen baki ba tare da na duba ba, wani dutse kamar kan jariri ya gangara ya koma ciki. Sani, ɗaya daga cikinmu, shi ne a ƙasa. Allah ya kiyaye, kafaɗarsa kawai ya goga. Ran nan Mutari bai ce in zo mu duba igiya ba. Nan gaban matan nan ya ɗaga wannan ƙaramar muryar tasa ya ce, "Sakarai! Shekara tara, har yanzu ba ka san akwai mutum a ƙasa ba?" Wata tsohuwa ta rufe baki da gyale. Na ji kamar in shige rijiyar da kaina. Na ce a raina, gobe war haka sai dai ka zagi inuwata.

Na manta da ɗabi'arsa sarai. Da safe ya gama bin igiyarsa, ya zura fitila ta dawo da wutarta, ya ɗaure ƙugunsa, sai ya juyo ya miƙo mini bakin igiyar.

"Riƙe mini, Sallau."

"Maigida, yau ni ke zubar da ƙasa."

"Sani zai zubar, hannunsa ɗaya lafiya lau. Riƙe."

Na karɓa, ya sauka. Na ce ba komai, ya saba fitowa da hantsi wani ya canje shi, in na yi sauri zan tarar da motar. Hantsi ya yi, bai ja uku ba. Ja ɗaya kawai yake yi, guga ta fito, ta koma. Rana ta fara cizo. Bukar ya tsuguna kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Kawo in karɓe ka. Yana can gaba talatin, ina zai san hannun wa ne? Tashi ka tafi, kai dai ka aiko mana da sabulu."

Na so in ba shi, wallahi na so. Har na sassauta yatsuna. To amma wanda bai taɓa riƙe igiya ba bai san abin da ke cikinta ba. Duk dukan guduma yana zuwa tafin hannunka. Kuma tun safe nake jin wani abu bayan kowane duka biyar ko shida, wata 'yar girgiza: tari yake yi. Na tsani mutumin nan a ranar, ina jin tarinsa a hannuna, na kasa saki. Ina zaune na hango kamiyon can kan tudu, mutane maƙil a bayansa, ya yi kudu. Na yi kuka, ban ɓoye ba, Bukar ya kau da kai.

Ba a daɗe ba gudumar ta yi shiru. Wannan ba komai ba ne, mutum yakan huta. Amma tarin ma ya tsaya, kuma bai ja uku ba. Na ce, "Ku ja!" Bukar ya ce ai bai kira ba. Na ce, "Ku ja, don Allah!" Muka ja mu biyar. Ya fito kansa a langaɓe, leɓunansa sun yi fari, iskar ƙasa ta ɓaci bayan saukarsa. Gwiwoyin wandonsa kuwa jiƙe suke da baƙin laka. Matan suka ga lakar kafin su ga mutumin, wata ta rangaɗa guɗa.

Da ya farfaɗo muka kwantar da shi a inuwar aduwa. Da la'asar na zauna kusa da shi.

"Maigida, ka san zan gudu yau?"

"Mutum ya wanke rigarsa ta Juma'a ran Litinin, a garin da ba ruwa? Na sani."

"Shi ya sa ka ɗaure ni da igiya."

"A'a. Na zage ka gaban mata, ban kyauta ba, shi ya sa. Da ka miƙa wa Bukar ka tafi, ba zan riƙe ka a zuci ba."

"Ai ka san ba zan iya ba."

Ya yi tari mai tsawo, ya share baki. Ya ce, "Na sani."

Ruwan da muka samu ba wani ruwa ba ne, tsatsowa kawai yake yi, tulu ashirin a wuni in an yi haƙuri. Bai isa a yi wanka ba, amma ya isa ya hana garin watsewa, sai suka zauna suna layi. Mutari bai sake sauka rijiya ba, ƙirjinsa ya tafi. Aka mai da shi Birni a kan amalanke, ya yi shekara biyu yana zaune ƙofar gida yana tufka igiyar da ba zai yi aiki da ita ba, sannan ya rasu. Ranar da za a ɗora shi a amalanken nan bai yi wani jawabi ba. Ya ce in ɗauko fitila, in bi igiya da hannu kafin kowa ya tashi.

Da aka buɗe iyaka Suma'ila ya sake aikowa. Na dubi mutum huɗu da ke jiran in fara sauka, na ce a gaya masa sai baɗi. Baɗin nan har yau bai zo ba.

Ni ba ni da haƙurin Mutari, bakina ya fi nasa kaifi. A wata rijiya kusa da Dakusa, Bukar ya bar guduma a bakin rami, na wanke shi tas, har na ambaci ubansa. Da safe na ɗaure ƙuguna, na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ko zan sami mafita, ban samu ba. Na miƙa masa bakin igiyar.

"Riƙe mini, Bukar."