Dutsen da Na Lasa a Nasarawa

Ana sallame asuba motarmu ta bar tashar Illela, ni da ɗiyar ƙanwata da ƙullin dakakken gero. Ni da ban taɓa wuce Sakkwato ba, sai ga ni zan je Nasarawa ɗauko autana. Ya bar gonar albasar ubansa ya tafi haƙar wani farin dutse, kuma labari ya iske ni cewa rami ya rufta da abokinsa.

Hanyar Gusau kowa bakinsa da salati. Daga Kaduna ƙasa ta yi kore, doya tuli-tuli bakin titi. A Keffi na taya albasa, 'yar ƙarama wadda mu sadaka muke badawa, da anka faɗi kuɗinta sai da na nemi wurin zama.

Da munka isa wurin haƙar, na ga tudu duk an huda shi kamar gidan gara, rafin ƙauyen ya koma jan kunu. Autana ya fito fari fat da ƙura.

"Inna! Mi ya kawo ki?"

"Ƙafata. Ina abin da ya raba ka da gida?"

Ya miƙo dutsen. Ni tsohuwar mai sayar da kanwar Konni ce, ban sayen kaya sai na ɗanɗana. Na lasa. Lami! Mahaƙa sunka fashe da dariya, wani ya ce, "Hajiya, a kawo miya?"

Autana ya ce sunan dutsen litiyam, da shi ake batirin solar da ke sanyaya min zoɓo a Illela. Na ce madalla, ashe hasken ɗakina daga ƙasarmu yake fita, ya je Sin ya dawo da tsada.

Na shimfiɗa sallayata a bakin raminsa. "Shiga, ina biye da kai."

Ya yi magiya, ya yi fushi, ban gusa ba. Da la'asar ya aje diga. Kafin in juyo na raka shi masana'antar da ake tace dutsen, anka ɗauke shi aiki, da hular kwano da takalmi, a saman ƙasa.

Na dawo Illela ba da shi ba, amma ina barci. Na gane arzikin nan namu ne, in dai ba a binne 'ya'yanmu garin tono shi ba. Dutsen da na lasa na taho da shi, yana kan batirina. Duk maƙwabciyar da ta tambaya, sai in ce ta lasa tukuna.