Ranar da Yaya ya auna littattafan Baba da tef

Shekarun baya, da muka koma gidanmu na Runjin Sambo, na tarar da wani ɗan ɗaki a gefen falo, mai taga ɗaya da ke kallon gabas. Maigidana ya ce firiza za a sa a ciki. Na ce ai kuwa sai dai firizar ta nemi wani wurin, nan ɗakin karatu zan yi. Ya yi dariya ya ce, "To malama, Allah ya ba da sa'a." Da yake koyarwa nake yi, kowa a dangi malama yake ce min, rabi girmamawa rabi tsiya.

Ni dai na san abin da na taka. Mahaifina tsohon hedimasta ne, ya rasu ya bar littattafai cikin buhuna a ɗakin shirgi na gidanmu da ke Ƙofar Atiku. Lokacin rabon gado an raba gida da gona, an raba riguna, har tsohon kekensa sai da aka yi masa kuɗi, amma babu wanda ya ɗaga ido ya dubi buhunan nan. Suna nan tare da tsofaffin kwanuka da karyayyen gado. Da na yi wa mahaifiyata Inna maganar, cewa ta yi, "Kwashe su, ɗiyata, kamin gara ta gama da su."

Na sha wahalar littattafan nan, wallahi. A Keke Napep na yi ta jigilarsu. Na baza tabarmi a tsakar gida na shanya su a rana, ina kaɗe kashin ɓera ina atishawa har idanuna suka kumbura. Waɗanda bangonsu ya fita na liƙe da gam. Na sa kafinta ya yi min kanta mai hawa huɗu, na ce kada ta taɓa bango, ƙafafunta kuma muka tsoma su cikin gwangwanaye da baƙin mai saboda gara. Na addini na jera su a can sama, don kada a ɗora wani abu a kansu. Ƙasa da su na Larabci da ƙamus-ƙamus, sai tarihi da labarin ƙasa, sai na Hausa da na yara a hawan ƙarshe. Na watsa kafur, na shimfiɗa darduma, na ajiye tumtum biyu na fata a ƙarƙashin taga.

A hawa na uku akwai wasu littattafai huɗu masu koren bango, tarihin ƙasashen yammacin Afirka, daga na ɗaya zuwa na huɗu. Su ne zuciyar ɗakin a wurina. Ina yarinya, bayan la'asar, Baba yakan zaunar da ni a zaure ya karanta da Turanci ya fassara min da Hausa, da jan biro a hannunsa. Duk inda bai yarda da marubucin ba sai ya ja layi ya rubuta raddinsa a gefe. Da za a ce in zaɓi abu guda a duk gadon, su zan ɗauka in bar gonar.

To da a nan na tsaya, da shi ke nan. Amma ina! Sai na ga ai abin arziki ba a yin shi a ɓoye. Na dafa dambu, na haɗa zoɓo, na gayyaci Inna da yayana wata Asabar, wai su zo su sa albarka. Gaskiyar magana yabo nake nema.

Yayana ɗan kasuwa ne, yadi da shadda yake sayarwa, kuma ko masallaci za shi, tef ɗin awo da guntun alli suna aljihunsa. Mutum ne mai tsoron haƙƙi har ya kai ga ba mutane haushi. Na buɗe ƙofa ina washe baki. Inna ta shiga, ta shafa bayan littattafan, ta share ido da bakin mayafi. Shi kuwa Yaya ya tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa shi.

"Malama, waɗanga duk na Baba na?"

Na ce, "Duk nasa ne, Yaya. Ka ga yadda suka yi kyau?"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi. "Sanda munka yi rabon gado, an sa su ciki?"

Na yi dariya, don na ɗauka wasa yake. Da na dubi fuskarsa sai na ga da gaske yake.

Abin da ya tsorata shi ke nan: ƙanenmu ya rasu bayan Baba, ya bar 'ya'ya biyu ƙanana. Rabon da zai samu a kayan Baba ya zama na marayun nan. Yaya ya ce ni da shi da Inna muna iya yafe wa juna, amma babu mai ikon yafe rabon maraya, ko da allura ce.

Na ce, "Yaya, shekara nawa suna cikin buhu ɓera na fitsari a kansu? Wa ya tuna da marayu a lokacin?"

Ya ce, "Sannan shirgi na. Yanzu ke kinka maishe su dukiya."

Jama'a, kaina ya yi dum. Wato wahalar da na sha ita ce ta jawo min. Nan take ya kira malamin da ya yi mana rabon farko, ya sa wayar a fili kowa na ji. Malam ya ce Yaya ya yi gaskiya, a fitar wa yara da nasu, a yi adalci ta hanyar da kowa ya yarda. To ta wace hanya? Tsofaffin littattafai ne, babu wanda ya san farashinsu, masu saye ma a sikeli suke ɗorawa. Yaya ya ce shi ba zai ɗora karatun Baba a sikeli kamar gwangwan ba. Har na fara jin sanyi a raina. Sai na ga ya sa hannu a aljihu.

Tef ya fito da shi. Tef ɗin shadda!

Ina tsaye ina kallo, bakina a buɗe, yayana ya kama auna kantata hawa-hawa, yana motsa leɓe yana lissafi a ka, kamar wata ta zo sayen yadin anko. Alƙur'anin Baba kawai ya ware ya miƙa wa Inna da hannu biyu. Sauran kuwa, aka fitar wa Inna tumuninta, wato ɗaya bisa takwas, maza kashi bibbiyu, ni kashi ɗaya. Aka ja tsinken ashana don a san wanda zai fara da wanda zai biyo. Duk inda awon mutum ya ƙare, sai ya ja layi da alli a jikin katako. Maigidana ya leƙo, ya ga abin da ake yi, ya sulale ya koma falo, har yau ina masa gorin wannan gudun.

Rabona ya faɗo a hawa na uku, na marayu yana biye da shi. Na bi hannun Yaya da ido yana jan tef. Ya wuce koren littafi na ɗaya. Ya wuce na biyu. Ya tsaya. Ya ciro alli ya ja layi tsakanin na biyu da na uku.

Na ce, "A'a! Yaya, a'a. Waɗannan abu ɗaya ne, ba a raba su. Ka ɗauki wasu biyu a nawa masu kaurinsu, ko huɗu ma, ka bar min waɗannan."

Ya dube ni, kuma na rantse idonsa ya yi ja. Ya ce, "Kin ga kin fara zaɓe. Abin da ranki ka so, shi ke da daraja. Shi kuma kike son in amshe ma marayu in ba ki?"

Na juya wurin Inna ina neman ceto. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Ɗiyan ɗan'uwanki na."

Na zauna a kan tumtum na fashe da kuka, ni uwar 'ya'ya uku a lokacin. Inna ta ce nata a bar mata a nan. Yaya ma ya ce nasa ajiya ne a wurina, ba ya buƙatar ko ɗaya, wanda hakan ya ƙara ba ni haushi, don ban samu damar ce masa mai kwaɗayi ba. Na marayu kawai ya zuba a kwalaye, har da korayen biyu, ya kai wa uwarsu a unguwar Gidan Dare. Dambun nan ko taɓa shi ba a yi ba. Na yi watanni ina gaishe da Yaya da baki kawai, kuma ɗakin da na yi wa wahala na daina shigarsa, don da na buɗe ƙofa giɓin nan nake fara gani.

Shekaru suka tafi. Na ciccike giɓin da nawa littattafan, na bar wurin biyun nan kawai. Wata rana da hantsi aka yi sallama, sai ga babbar 'yar ƙanena, wadda take firamare lokacin awon, ta zama budurwa har ta shiga jami'a. Bayan mun gaisa ta buɗe jaka ta fito da korayen littattafai biyu, an naɗe bangonsu da leda. Na ce a raina, Allah mai iko, yau kayana sun dawo gida.

Sai ta ce, "Goggo, an ce farkon waɗannan yana wurinki. Na karanta su har sau biyu, amma daga tsakiya na kama labarin. Kuma mai jan biron nan yana ta cewa a duba abin da ya faɗa a littafi na ɗaya. Mama ta ce kakana ne. Ni ban san shi ba sai a nan. Ko za ki ara min?"

Na shiga ɗaki na ciro na ɗaya da na biyu, sai ga ƙura kwance a kansu. Tun ranar awon ban buɗe su ba. Ni da na yi kuka a kansu fushi kawai na ajiye a cikin kantar, ita kuwa da tef ya ba ta nata, ita take hira da Baba. Na goge su da gefen zanena, na haɗa huɗun, na sa mata a jaka. Ta ce yaushe za ta dawo da su. Na ce, "Ba a raba su, ɗiyata."

Har yanzu in na tuna tef ɗin nan a jikin kantata sai tsigar jikina ta tashi, kuma ban fasa cewa littafi ba shadda ba ne. Na faɗa wa Yaya haka, ya ce ya ji. Amma na daina cewa ya zalunce ni. Na gina ɗakin ne don littattafan Baba su zauna wuri ɗaya, ashe shi Baba mai karatu yake nema. An yi wa kantar fenti bara, na tsaya a kan mai fentin na ce ya zagaye wuri guda a hawa na uku. Layin allin yana nan.