Filtir na Ƙarshe

Ni ban iya rubutu ba, jikata ce ke riƙe da alƙalami. Na ce idan na yi shiru ta jira ni, don har yau zancen nan kuka yake sa ni.

Maigidana direban taksi ne, muna zaune a unguwar Klemat. Duk wata uku yakan sauya wa motarsa filtir, wato matatar da ke tare datti kada ya bi fetur ya shiga inji. Bai yarda da gareji ba. A ƙofar gida yake yi, ranar Juma'a da hantsi, ni kuma in riƙe masa tasa saboda man da ke ɗiga. Yakan tsokane ni, wai ni ce Hajiyar da kakanninta suka nufi Makka suka ƙare a nan bakin kogin Shari. Ni kuwa in ce masa, da a ce shi ne direbansu, ko ƙofar gari ba za su wuce ba.

Da yaƙi ya shigo gari, masu kayan mota na kasuwar Dembe suka rufe. Fetur sai na kwalba, duk ƙasa a ciki. Filtir sabo guda ɗaya ya rage masa, ya ba ni na ɓoye cikin kwallata. Tsohon yake cirewa ya wanke, ya hura da baki, ya mayar. Mota tana tari tana mutuwa a hanya. Na yi ta roƙonsa ya sa sabon, ya ce wannan na ranar fita ne.

Ranar ta zo, harbi ya iso layinmu da safe. Ya durƙusa ya ɗaura shi a natse, ni ina riƙe da tasa, har fetur ya zube mini a zane. Bugu ɗaya motar ta tashi. Ta kai mu bakin kogi, ni da yara huɗu, ko tari ba ta yi ba.

Mai kwalekwale yana jira ya tsallakar da mu Kuseri, garin da ke ƙetaren kogin. Na ce ya bar motar ya shigo.

Ya ce, "Kin ji yadda take tafiya kuwa? Bari in kwaso maƙwabta, sahu ɗaya. Ki riƙe mini wuri."

Muka tsallaka ba shi, na yi makonni ina zama a gaɓar can, ina duba duk kwalekwalen da ya iso. Ba shi, ba motar, ba wanda ya ce ya gan shi.

Mutane suna cewa kulawarsa da mota ce ta cece mu, kuma gaskiya ne. Amma ni, Allah ya yafe mini, na so a ce ta kai mu bakin ruwa ta mutu a nan, ta ƙi tashi. Da ya shiga kwalekwale tare da mu.