Rayuwar Ma'azu Ɗangana, Masassaƙin da Masu Jirgi Sunka Ƙi Ɗauka

Haihuwa da asali

An haifi Malam Ma'azu Ɗangana a shekara ta 1962 miladiyya a garin Garou, bakin Kogin Kwara, cikin ƙasar Malanville. Mahaifinshi, Ɗangana, masassaƙin jiragen ruwa ne wanda kakanninshi sunka taso daga wajen Kabi, mahaifiyarshi kuwa, Kamila, ɗiyar wani bafataken albasa ce. Shi kaɗai ne namijin da ya rayu a ɗakinsu, saboda haka tun bai iya ɗaga gizago ba anka san shi zai gaji sana'ar.

Karatu

A 1968 anka sa shi karatun allo, bayan shekara biyu kuma anka kai shi lakwal, wato makarantar boko, inda ya samu faransancin da ya ishe shi karanta takarda amma bai ishe shi gane abin da ke bayanta ba. Can ya haɗu da Bukari, ɗan masunta, wanda daga baya ya zama sarkin jirgin Malanville, abotarsu kuwa ta kai in ka ga ɗaya to ka duba bayanshi. A 1974 idon mahaifinshi ya raunana, sai ya baro lakwal ya koma gindin itace.

Sana'a da iyali

A 1983 ya ƙaura zuwa Malanville, ya kafa rumfa kusa da mashigi, shina gyaran jirage da sassaƙa turame, har ya kasance da wuya a samu jirgin da bai taɓa kwana a gabanshi ba. Ya auri Balkisu a 1986, Allah ya azurta su da 'ya'ya, cikinsu har da Rukaiya, wadda kowa ya san ita ce 'yar lelenshi. A 2012 anka kai ta aure Gaya, garin da ke ƙetaren kogi bayan iyaka, kuma a zamanin nan hakan bai zama rabuwa ba, domin kabu-kabu, wato babur na haya, na ƙetare gada da mutum kafin shayinshi ya huce.

Tun wajen 2005 ya tsiro da wata ɗabi'a, ta tattara katakon matattun jirage shina tsayar da su shina sassaƙa musu zanen igiyar ruwa da na raga. Bai taɓa sassaƙa siffar mai rai ba, don haka malamai ba su tanka mishi ba, 'yan kasuwa ne kawai ke dariya suna cewa Ma'azu na yi wa itacen girki kwalliya.

Tallafin gidauniya

A 2022 wani ma'aikacin wata gidauniya mai biro, wato ofis, a Kwatano, ana ce mishi Abdoulrazak, ya biyo ta rumfar, ya ga katakon, ya ce wannan fasaha ce da ta cancanci burs, wato tallafin sassaƙa da bincike na shekara biyu. Shi da kanshi ya cika dosiye, wato takardun neman tallafin, ba a jima ba kashin farko na kuɗin ya fito, tare da wata wayar salula sabuwa. Sharaɗin shi ne Ma'azu ya sassaƙa ayyukanshi, ya kuma binciki tarihin tsofaffin jirage, ya ɗauki hoton kowane jirgi a daidai inda yake kwana, salular kuwa tana ɗiga alamar wurin a kan taswira ta aika Kwatano. Abin da ya haɗa sanin kyawun sassaƙa da sanin makwancin jirgi, har yau ba wanda ya bayyana shi, banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Rufe gada da tuhuma

A ƙarshen Yulin 2023 anka rufe iyaka, gada ta mutu, mutane da kaya sunka koma ruwa, mashigan da a da yara ke wanka a cikinsu sunka zama sirrin da ake ci da shi. Ma'azu, da taurin kan da ya gada, ya ci gaba da bin gaɓa shina ɗaga salula. Bukari ya same shi har rumfa ya ce, “Ɗan'uwa, aje abin nan, ruwan yau ba na jiya ba ne.” Ya amsa mishi da cewa ya ci kuɗin mutane, alkawari kuwa kaya ne.

A farkon 2024 jandarma sunka dira a wani ɓoyayyen mashigi da Ma'azu ya ɗauki hotonshi a makon da ya gabata, sunka kwashe jirage, cikinsu har da biyu na Bukari. Masu jirgin nan da na ƙetare kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke, sai sunka ɗora laifin a kan hotunanshi, sunka yanke hukunci cewa ba jirgin da zai sake ɗaukar Ma'azu ko wani nashi, kuma ba mai sake sayar mishi da ko guntun katako.

Ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a ya rantse bai taɓa kai maganar kowa wurin hukuma ba, kuma waɗanda sunka san shi ba su ƙaryata rantsuwar ba. Sai dai da anka tambaye shi wa ke duba hotunan nan a Kwatano, sai ya ce bai sani ba, domin shi ma da ya tambayi Abdoulrazak amsa ɗaya ya samu, wai ƙa'idar furoje ce, wato tsarin aikin gidauniyar. Abin takaici, da hotuna sunka daina zuwa, gidauniyar ita ma ta shiga zarginshi da cinye kuɗin bincike, ta tsayar da kashi na biyu, ta turo wani ya zo ya leƙa katakon da ke rumfa ya koma. Ga masu jirgi ɗan leƙen asiri ne, ga masu tallafi macuci ne, shi kuwa ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko.

Ƙarshen rayuwa

A ƙarshen 2024 Rukaiya ta haifi namiji a Gaya anka sa mishi Ma'azu. Ranar suna ya sa babbar riga ya sauka mashigi da kuɗin jirgi ninki biyu a hannu, mutanen da ya shekara arba'in shina toshe musu jirage sunka sunkuyar da kai suna kallon ruwa, har rana ta take ya juya gida. Daga nan ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kuma duk tsawon jinyar ba abin da ya roƙa sai a kawo mishi ɗiyarshi da takwaranshi. Balkisu ta tafi gidan Bukari ta durƙusa, ya ce mata, “Wallahi, Balkisu, maganar ba tawa ba ce ni kaɗai.”

Wafati da jana'iza

Allah ya karɓi ranshi da hantsin wata Talata cikin watan Ramadan, daidai da Maris na 2025, shina da shekara sittin da uku. Anka yi mishi salla kafin azahar, anka rufe shi a maƙabartar Malanville, kuma da yake itace ya yi tsada, katakon jiragen da ya sassaƙa bai gama ba, su anka jera a kan kabarinshi. Masu jirgi sun halarci salla, amma a sahun baya sunka tsaya. Gidauniyar ta aiko da ta'aziyya ta salular nan, a ƙarshen saƙon kuma ta nemi a tura mata sauran hotunan da ke ciki.

Ya rasu ya bar matarshi Balkisu da 'ya'ya huɗu: Khalidu, wanda ya gaji rumfar, Faruku, direban babbar mota a hanyar Kandi, Ummul-Khairi, mai sayar da shinkafa a babbar kasuwa, da Rukaiya, wadda Bukari ya tuƙa jirgi da hannunshi ya ɗauko daga Gaya da la'asar, bai karɓi ko dala ba, bai kuma hau tudu ya yi gaisuwa ba. Ta iso da jaririn a goye, ta tarar an riga an dawo daga maƙabarta. Allah ya jiƙan Malam Ma'azu, Shi ne masanin abin da ke ɓoye.