Allunan Baba da Gwangwanin Greensboro

Mun tashi da asuba daga Charlotte ta Amurka, ni da matata da mahaifina, don a wurin Baba duk tafiyar da rana ta riga ka fita ba tafiya ba ce. Na ce masa Greensboro nan ce kusa, ya ce da sanyin safiya ake kama fara.

Gardama ce ta haifar da tafiyar. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a Jos yana zana allunan shaguna: gwangwanin madara, sandar sabulu, kawunan samari a ƙofar mai aski. Da hannu ya soma rawa sai ya ajiye burushi. Allunan da suka rage a zauren gidanmu na Jos kuwa, ya umarci ƙanwata ta ba mai ƙosan unguwa ta hura wuta da su, kuma a makon nan za ta zo kwasa. Na roƙe shi har na gaji, ya ce fenti ne da katako kawai. Da na ce akwai wani Ba'amurke da duniya ta san shi da zanen gwangwanin miya, har ana ajiye aikinsa a gidajen tarihi, sai ya ce zaman Amurka ya koya mini ƙarya. Shi ne na ce zan kai shi Greensboro ya gani da idonsa.

Hanya sumul, itatuwa dama da hagu, ba rami ba shingen 'yan sanda. Sammakon Baba ya kai mu gari ko'ina a rufe. Muka yi ta zaga titin Gate City Boulevard har wani shagon kayan abincin Afirka ya buɗe. Baba ya ɗauki doya ya tambayi kuɗinta, da ya ji sai ya mayar da ita a hankali kamar jaririya. Shayi da burodi muka sha a mota.

Gidan tarihin farko na labarin garin ne, tsofaffin kaya da hotunan masaƙu, babu gwangwani ko na tumatir. Baba ya dube ni ya ce, "To, malam, ina miyar taka?" A na biyun, na jami'a, shiga kyauta ne, wata budurwa mai fara'a ta nuna mana ɗakin da zanen yake.

Jama'a, na sha ganin zanen nan a waya, amma ido da ido daban ne. Ɗaki fari fat, shiru kamar masallaci bayan an watse, ga gwangwani shi kaɗai a bango da fitilarsa. Jan ya yi jajir, haruffan a tsaye cak. Gefensa fuskar wata mata ce, gashi rawaya, leɓe kamar barkono.

Baba ya cire hula ya daɗe a tsaye. Can ya sunkuya yana leƙen ƙasan zanen, har mai gadi ya matso. Adireshi yake nema. Su a sana'arsu, mai zane yakan rubuta layin shagonsa a kusurwar allo don a kawo masa wani aikin. Na raɗa masa cewa mutumin ya daɗe da rasuwa.

"Ya rasu, kuma ba a goge ba?" in ji Baba. Na ce ba a goge ba. Ya ce, "Mu da ranmu ake shafe namu da farar ƙasa." Ya zauna a benci yana kallo, hannun nan mai rawa yana bin layin gwangwanin a iska. Matata ta juya tana share ido, ni ma ban tsira ba.

Muka kamo hanyar dawowa. Tafiyar ta koya mini cewa wani abin ba ya shiga ta kunne, sai ka kai mutum ya gani. Muna shiga gida ya karɓi wayata ya kira ƙanwata, ya ce kada kowa ya taɓa allunan nan. Ta ce ai mai ƙosai ta riga ta ɗauki ɗaya. Ya tambayi wanne, ta ce na sabulu.

Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wannan dama almajirina ne ya zana. Na madarar ki kai shi ɗakina, ki rataye shi inda haske yake."